Mai Gudun Hadari

Wani mutum ne a Palapye, ya yi shekara talatin da ɗaya yana aiki a tashar jirgin ƙasa. Ranar da ya ajiye aiki sai ya tara iyalinsa, ya sanar da su cewa ya gaji da tsayuwa yana kallon mutane suna wucewa. Daga yau shi ma wucewa zai yi.

Ya sayar da gida. Ya sayi wata tsohuwar akori-kura, ya sa kafinta ya ɗora mata ɗaki a baya, aka sa gado da murhu da firij. A kan rufi kuma aka shimfiɗa farantan sola guda uku, aka haɗa su da batir, aka kafa wani ɗan agogo kusa da ƙofa mai nuna ƙarfin batirin daga ɗari zuwa sifiri.

Mai haɗa wutar ya kira shi da Rra, wato Malam a harshensu, ya ce, "Rra, bari in ja maka waya daga inji zuwa batir, saboda lokacin da rana za ta ɓuya."

Mutumin ya dube shi sama da ƙasa. Ya ce, "Rana ta ɓuya? A ƙasar nan? Ta ɓuya ta je ina? Naɗe wayarka. Rana na saya, da rana zan yi aiki."

Matarsa, wadda ake kira Mma Oratile da sunan 'yarsu ta fari, ta tattara 'yan kayanta. Ta ɗauki bargonta ta shiga mota.

Tafiyarsu ta farko zuwa Maun ce, inda Oratile ta haihu. Da suka biya ta Serowe, wan matar ya yanka ƙatuwar akuya, ya ce a kai wa mai jego.

Mma Oratile ta ce, "A yanyana shi a shanya, yadda iyayenmu suke yi."

Mutumin ya ce, "A shanya nama? A gidan da yake da firij? Me surukai za su ce da ni a Maun?"

Ta ce, "To, ga yayana shaida. In naman nan ya isa Maun da sanyinsa, zan zauna a cikin akwatin nan naka har ƙarshen raina. In kuwa firij ya mutu a hanya, a sayar da mota, mu koma gida mai bango."

Ya ce, "Na yarda. Ki fara zaɓen labule, don kin samu mazauni."

Suka kama hanya. Motar kuwa ba ta son gaggawa. Kafin su fita daga ƙasar Serowe, amalanken jaki ɗaya ya wuce su sau biyu.

Da rana ta take tsaka, mutumin ya yi abin da kowane mai hankali yake yi tun kaka da kakanni: ya nemi bishiya mai duhu, ya cusa mota a ƙarƙashinta. Suka ci tuwon dawa da madara, ya miƙe ƙafa, ya yi barci mai nauyi. Da ya farka ya leƙa agogo, sai ya ga ɗari ta koma sittin da ɗaya.

Ya ƙwala ihu, "An sace mana wuta!"

Mma Oratile ta ɗaga kai ta dubi ganyen bishiya, ta dube shi. Ta ce, "Ka sayi rana, ka kai ta inuwa ka ajiye. Ɓarawon yana sanye da wandonka."

Tun daga wannan lokaci ya ƙulla gaba da inuwa, kowace iri ce. Washegari ya tsaya a tsakiyar wani fili fari fat, inda ko ƙadangare ba ya ratsawa sai da dalili. Ɗakin ya zama tanda. Mma Oratile ta ɗauki kujerarta ta tafi can nesa gindin wata ƙaya. Shi kuwa ya hau rufi, ya tsuguna a gefe, yana goge farantai da ɗankwalinta na zuwa coci. Ungulu ta gifta ta sama, ya jefe ta da takalmi. Can sai ga raƙumin dawa ya zo ya tsaya kusa da mota yana taune-taune, inuwar wuyansa ta kwanta a kan faranti na tsakiya.

Mutumin ya cire hula, ya ce, "Rra, sannu da kiwo. Don Allah ɗan matsa baya taku biyu."

Raƙumin dawa ya ci gaba da tauna.

"Ko ka sunkuya. Ba ni da matsala da ƙafafunka, wuyan ne."

Daga gindin ƙaya Mma Oratile ta ɗaga murya, "Gaya masa mai jego na jira, wataƙila ya tausaya!"

A rana ta uku, bayan sun wuce Rakops, mutumin ya hango wani ɗan gajimare, bai fi girman tabarma ba. Gajimaren ya zo daidai kansu ya tsaya. Mutumin ya ƙara wuta, gajimare ya biyo. Ya rage, gajimare ya jira shi. Sai ya murɗa sitiyari ya bar kwalta, ya faɗa wata hanyar rairayi.

"Rra, Maun tana can!"

"Rana tana nan!"

Ya yi hagu, abin ya yi hagu. Ya yi dama, abin ya riga shi. Tabarma ta zama bargo, bargo ya zama rumfa, rumfa ta yi baƙi ƙirin ta fara gurnani. Motar da ba ta taɓa wuce jaki ba, ran nan har ƙura ta tayar. Tukwane suna faɗuwa a baya, Mma Oratile ta rungume ƙofar firij tana kiran sunayen iyayenta.

Haka suka afka cikin wani ƙauye, ya taka burki a tsakiyar dandali.

Ƙauyen nan kuwa shekara biyu ke nan ɗigon ruwa bai sauka ba. Mutanen garin kaf suna durƙushe a dandalin, Fasto yana roƙon ruwa tun safe har muryarsa ta dishe. Ya ce amin ke nan, sai ga baƙuwar mota ta shigo a guje, hadari yana biye da ita kamar sa a igiya. Ɗigon farko ya faɗi tsakiyar sanƙon dagaci, Rra Ntshole, ya yi ƙara, tas!

Wuri ya kece. "Pula! Pula!" wato "Ruwa! Ruwa!" Mata suna guɗa, tsofaffi suna jefa sanduna sama, karnuka suna gudu ba su san dalili ba. Kafin mutumin ya buɗe baki an fizgo shi daga mota an ɗora a kafaɗa.

Dagaci ya ce, "Wannan baƙo shi ya jawo mana ruwa! A kai gidansa ƙarƙashin babbar bishiyar dandali, inda ba a taɓa barin ko keke ya tsaya ba!"

Mutumin ya ce, "A'a, Rra, na gode, a fili ma ya isa..."

"Ku ji kunya irin ta manya! A tura!"

Maza ashirin suka tura. Matan garin kuma da suka hango farantai a kan rufi, suka ce ba za a bar teburan gilashin baƙo su jiƙe ba. Kowace ta kawo bargonta mafi kyau, aka lulluɓe su ruf, aka danne da duwatsu.

Ruwa ya kwana biyu yana zuba. Ana kawo wa mutumin shayi, ana kawo masa jarirai ya shafa musu kai, shi kuwa idonsa yana kan agogo. Arba'in. Ashirin da biyu. Mma Oratile tana zaune a bakin ƙofa, tana tambayar matan garin launin fentin da ya fi dacewa da bangon falo.

Da safiyar rana ta uku agogo ya nuna tara. To, a dandali kowa yana da izinin magana, baƙo ko ɗan gari. Mutumin ya miƙe, hula a hannu, ruwa yana bin wuyansa.

Ya ce, "Rra Ntshole, iyayena, ina da roƙo ɗaya. Fasto, na ga addu'arka ba ta faɗuwa ƙasa. Ka roƙa mana rana. Awa biyu kawai. In ta yi yawa, ɗaya da rabi."

Wata tsohuwa mai nauyin ji ta ce, "Me ya ce?"

Aka ce, "Rana yake so a roƙa."

Ta ce, "Wayyo, bawan Allah. Jan hadari ya taɓa masa kai. Ku ƙara masa shayi."

Mutumin ya ce, "Ku saurare ni! Ba ni na kawo shi ba! Gudunsa nake yi! Tun daga Rakops yake bina, ban san abin da na yi masa ba!"

Dagaci ya juya ga jama'a, idonsa ya cika da ƙwalla. Ya ce, "Kun gani? Ya yi aiki, ya ƙi karɓar yabo. Ku koya."

Aka yi ta tafi.

Ana cikin haka sai wani dattijo ya miƙe daga baya. Sunansa Rra Sekgwa, daga ƙauyen da ke ƙetaren fili ya zo da asuba, kuma shi kaɗai ne a wurin da ƙura a cikin kunnuwansa.

Ya ce, "Rra, na ji kana neman rana?"

"Kamar raina!"

"To, ai a wurinmu take kwana. Shekara uku ba mu ga gajimare ba. Kajinmu da ƙafa ɗaya suke tsayawa, suna hutar da ɗayar. Jiya jakina ya ga inuwarsa ya nemi ya shiga ciki."

"Ka rantse?"

"Ga Fasto nan. Ko tsinken girgije ka gani a samanmu, ka kira ni maƙaryaci."

Mutumin ya rungume shi. Dagaci ya so ya hana, amma ya tuna ɗakinsa ya fara yoyo wuri huɗu, gonaki kuma sun sha sun ƙoshi. Ya ce, "To, mun ba ku aronsa. Ku riƙe shi da daraja."

Aka kwashe barguna, aka turo mota daga laka. Rra Sekgwa ya zauna a gaba yana nuna hanya. Mma Oratile tana baya tana karanto agogo da babbar murya, kamar mai sanar da isowar jirgi.

"Biyar!"

"Na ji!"

"Huɗu, Rra!"

"Na ce na ji, Mma!"

"Uku! In fara naɗe kaya?"

Suka fita daga ƙarƙashin hadari saura ɗaya. Gabansu sama tas, rana tana dukan ƙasa har iska tana rawa. Da suka shiga ƙauyen, sai mutumin ya ga jama'a sun yi layi a bakin hanya cikin kayan coci. A ƙofar kowane gida kuma an jera bokitai, da tukwane, da ganguna, da kwanonin wanka, duk baki a sama.

Ya ce, "Rra Sekgwa, wannan kayan fa?"

"Shanya su muke yi."

Bai tsaya ƙarin tambaya ba. Ya tsaya a inda rana ta fi zafi, ya haye rufi, ya tuɓe riga ya goge farantai ɗaya bayan ɗaya.

Daga ƙasa Mma Oratile ta ce, a hankali wannan karon, "Biyu."

"Me kika ce?"

"Uku."

Mutumin ya miƙe tsaye a kan rufi ya kama rawa. "Uku! Ku ji fa, uku! Mma Oratile, faɗa da ƙarfi mutane su ji! Wa ya ce a shanya nama? Maun, ga mu nan! Ni da rana, mutu ka raba!"

Yana cikin juyi sai ya duba ƙasa, ya nemi inuwarsa ya rasa. Iska mai sanyi ta taɓa masa ƙeya. Bai yarda ya ɗaga kai ba. Sai da aka yi wata tsawa da ta sa jakunan garin suka zauna.

Ruwa ya ɓarke kamar an yaye rufin sama. Bokitai suka ɗauki kiɗa, gari ya ɗauki ihu. A cikin ɗaki firij ya yi tari sau biyu, ya yi shiru.

Mma Oratile ta buɗe shi, ta danna cinyar akuya da yatsa, yatsa ya shige. Ta fito bakin ƙofa ta gyara ɗaurin bargonta. Ta ce, "Iyayena mata, a kawo babbar tukunya mai ƙafa uku, yau gari zai ci nama. In kuma akwai wanda ya san mai son mota, ga ta, har da gado."

Mutumin ya sauko sharkaf, ya kutsa cikin masu rawa, ya sami Rra Sekgwa yana tsalle, baki buɗe yana taren ruwa. Ya cafke masa kwalar riga.

"Kai dattijo! Ba kai ka rantse gaban Fasto ba? Ba kai ka ce shekara uku babu ko tsinken girgije a garinku ba?"

Rra Sekgwa ya haɗiye ruwan da ke bakinsa, ya ce, "Babu kuwa, Rra. Ai shi ya sa muka je muka ɗauko ka."