Littafin Abincina da Kwanukan Maƙwabta

Ba na jin zan taɓa mantawa da Talatar da na kai wa likitoci littafin abincina a Kano. Ina da shekara hamsin da biyu a lokacin, kuma ranar ce karo na farko a rayuwata da wani likita ya zauna ya karanta abin da na rubuta da hannuna. Da na san yadda karatun zai ƙare, da ban sa babbar rigata ta sallah ba.

Ni mai awon hatsi ne a kasuwar Babura. Ƙiba kuwa tun ina ɗan shekara talatin ta same ni ta zauna. Da farko mutane na cewa alamar hutu ce, ni ma ina jin daɗin maganar. Daga baya gwiwoyina suka fara ƙi, ciwon sukari ya shigo, hawan jini ya biyo bayansa. Na shekara uku ina sallah a kan kujerar roba a ƙarshen sahu, goshina bai taɓa ƙasa ba, kuma wannan ya fi komai damuna. A asibitin Kazaure aka ɗora ni a sikeli, ma'aikacin ya duba, ya sake dubawa, sannan ya faɗi lambar. Na yi lissafi irin namu na kasuwa, na ga na kai buhun gero ɗaya da rabi (har da ɗan ƙarin da ake yi wa mai saye). Su suka tura ni babban asibiti a Kano.

A can na haɗu da wani likita siriri mai furfura. Ya ɗauki takarda ya zana mini tumbin mutum, ya ce akwai aikin da ake yi a rage shi. Ba ma sai an tsaga ciki ba. 'Yan ƙananan huji ake yi, a zura kyamarar da ba ta fi kan biro ba, likita yana kallon cikinka a talabijin yana aiki, har tumbin ya koma kamar ayaba ɗaya. Na zauna ina kallonsa baki buɗe. Ni da na tashi ina ganin ƙahon wanzami shi ne ƙarshen gwaninta, yau ga mutum yana ba ni labarin shiga cikin ɗan Adam da kyamara kamar yana labarin zuwa gona. Ban san lokacin da na fara salati ba.

Amma ya ce akwai sharaɗi. Ba za a sa mini ranar aiki ba sai na rage kilo takwas da kaina, don hanta ta ɗan sauka aikin ya yi sauƙi. Kuma sai na rubuta duk abin da na ci har sati shida, na kawo wa likitar abinci ta duba (ban taɓa sanin akwai likitan da aikinsa abinci kawai ba). Idan ban cika ba, za a tura ni baya, kuma masu jira suna da yawa.

Maganar rubutun nan ta fi komai faranta mini rai. Shekara ɗaya da rabi kafin nan na shiga ajin yaƙi da jahilci da ake yi bayan la'asar a firamaren unguwarmu. Malaminmu, Malam Yohanna, mutumin kudancin Kaduna ne da ya daɗe a Babura har ya fi wasunmu sanin lungunanta. Shi ya ja mini layuka a sabon littafi, ya raba kowane shafi gida uku: safe, rana, dare. Ya ce idan ina so in riƙa kawo masa yana dubawa. Na ce a'a Malam, wannan tsakanina da likita ne. Na faɗa da girman kai sosai.

Haka na fara. Rubutuna ba ya sauri, layi ɗaya kan ɗauke ni lokacin da zan auna tiya goma, amma ban tsallake ko rana ɗaya ba. Da safe koko kofi ɗaya, ba sukari. Da rana ɗan wake ko kwaɗon zogale, rabin kwano. Da dare kuwa, kullum layi ɗaya ne: tuwon gidana, loma biyar. Kuma Allah shaida ne, biyar ɗin nake yi, ina ƙirgawa.

Sai dai mu a layinmu ciyayya muke yi. Magidanta shida ne, bayan magariba kowa a fito masa da kwanonsa, mu haɗu a tabarma ɗaya a ƙofar gidana tunda ni ne babba. Al'adar kuma ita ce babba shi yake fara sa hannu a kowane kwano. Idan labari ya koma cikin gida cewa ban taɓa abincin wance ba, kafin gari ya waye ta aiko tana tambayar matata Hajara laifin da ta yi mini. Saboda haka nake taɓawa. A raina wannan ba cin abinci ba ne, haƙƙin maƙwabtaka ne, kamar duba mara lafiya ko zuwa ɗaurin aure. Wanda ya je ɗaurin aure ai ba ya cewa ya yi tafiya. Ban taɓa zama na ce bari in ɓoye wa likita ba, abin ne bai ko zo mini a matsayin ci ba. Ga shi kuma tunda na rage na safe da na rana, da yunwa nake isowa tabarmar, sai taɓawar ta ƙara zurfi. Ranar da gidan Malam Sale suka yi dambu kuwa, nakan koma in sake sauke haƙƙin sau biyu ko uku.

Ranar komawa asibiti Habu ne ya raka ni, saboda shiga mota da fita sai an kama ni. Habu taubashina ne, ɗan ƙanwar babana, kuma yana cikin mu shidan. Tun muna yara bai taɓa barin na wuce ba tare da ya tsokane ni ba. A hanya ya ga na rungume littafin cikin leda, ya tambaye ni ko takardar gonar gado ce. Na ce masa wanda bai shiga aji ba ba zai gane ba.

Likitar abincin yarinya ce da ba ta wuce sa'ar 'yata ta fari ba. Ta gaishe ni da ladabi, ta karɓi littafin da hannu biyu, ta fara buɗawa shafi bayan shafi. Ina kallon idonta yana bin layukan da na rubuta, kuma tana ganewa. Abin da na yi a zaune a Babura sati shida da suka wuce, ga shi yana shiga kan wata a Kano ba tare da na buɗe baki ba. Ta ce Baba rubutunka yana da kyau, ba kowa yake kawo littafi cikakke haka ba. Na waiwaya na kalli Habu don ya ji.

Sannan aka ɗora ni a sikeli. Na ƙaru da kilo biyu.

Ta ce in sauka in sake hawa. Ta sa aka kawo wani sikelin daga ɗakin da ke kusa, shi ma ya faɗi abin da ɗan'uwansa ya faɗa. Sai ta fita da littafin, ta dawo da likitan nan mai furfura, a bayansa kuma ɗalibai wajen bakwai cikin fararen riguna. Suka kewaye ni. Wannan ya danna ƙwaurina da yatsa yana duba ko ruwa ne ya taru, wancan ya shafa wuyana, wata ta ɗora abin sauraro a ƙirjina. Littafina yana yawo daga hannu zuwa hannu, suna magana da Turanci ƙasa-ƙasa. Ɗaya daga cikinsu ya gaya mini da Hausa cewa ba kasafai ake ganin wanda ke cin ɗan wannan abinci yana ƙaruwa ba, ƙila sai an ɗebi jini an duba wasu abubuwa.

Ya kamata in ji tsoro, kuma na ɗan ji. Amma gaskiya abin da ya fi yawa a raina alfahari ne. Likitoci tara a kaina, ni mai awon gero, suna mamakin halittata. Har na gyara zama na ce musu ni ma abin yana ɗaure mini kai, kuma na ji an ce kakana ma haka yake, ko ruwa ya sha sai ya zauna masa a jiki. Wani ɗalibi ya rubuta maganar kakan nawa a takardarsa.

Likitar abincin dai ta koma kan littafin. Can ta ɗago.

"Baba, na ga kullum kana rubuta tuwon gidana. Akwai na wani gidan ne?"

Kafin in haɗa amsa, na ji wani sauti daga kusurwar ɗakin kamar an matse akuya. Habu ne, ya toshe baki da hula.

"Ranki ya daɗe, akwai biyar," in ji shi.

Sai ya miƙe ya fara jera su da yatsu kamar mai kiran sunayen 'ya'yansa. Shinkafa da wake na gidan Liman, dambun gidan Malam Sale, burabuskon gidan Isa tela, taliyar gidan Malam Audu, da tuwon masarar gidansa shi Habun, wanda ya ce nakan kushe miyarsa sannan in side kwanon. Ta tambaye shi loma nawa nake yi a kowanne. Ya ce bai iya lissafi mai yawa ba, bai shiga aji ba.

Na yi ƙoƙarin kare kaina. Na yi musu bayanin ciyayya tun daga farko, da matsayin babba, da abin da matan gida za su ji. Na ce wannan ba ci ba ne, sa hannu ne kawai. Likita mai furfura ya saurare ni har na gama, bai katse ni ba.

"To Malam, idan hannun ya fito daga kwanon, ina yake zuwa?"

Na duba ƙasa, na duba rufi.

"Baki," na ce.

Ɗaliban suka yi ta ƙoƙarin riƙe dariya, wata ta fice da sauri. Wanda ya rubuta labarin kakana na ga ya ja layi a kai a hankali. Zufa ta jiƙa mini riga har baya. Likitar abincin ta ɗauko wani kwanon roba, ta sa Habu ya nuna mata girman lomata da hannunsa, ta yi lissafi, ta ce abin da nake sa wa hannu kowace magariba ya kai cin mutum uku. Shi kuwa babban likitan bai yi dariya ba. Ya ce ya yarda ban yi niyyar ƙarya ba, amma ba zai iya sa mini rana ba, in dawo bayan wata uku. Ya ce bayan aikin, loma ɗaya ta wuce ƙa'ida za ta iya kwantar da ni, saboda haka gara in koyi ƙirga duka tun yanzu. Wannan maganar ta fi dariyar zafi.

A mota ban yi wa Habu magana ba. Shi kuwa ya sayi tsire a tasha ya zauna kusa da ni yana ci, yana tambayata ko zan sa hannu.

Washegari na fito tabarma da littafin da fensir. Na ci yadda na saba, amma duk lomar da na kai baki sai na yi mata ɗan layi a ƙarƙashin sunan gidan. Da aka ɗauke kwanuka na ƙirga layukan, na samu arba'in da ɗaya. Na daɗe ina kallon shafin. Shekara ashirin ina zama a tabarmar nan, ban taɓa ganin abin da nake ci ba sai da ya zama baƙi a kan farar takarda. Na miƙa wa Liman ya gani, ya ce ikon Allah, ya miƙa wa na kusa da shi.

A nan na gaya musu komai, har da maganar hannu da baki, tunda na san ko ban faɗa ba Habu zai faɗa da ƙari. Malam Sale ya ce su maza ba matsala, matan ne abin ji. Hajara ce ta ɗauki wannan aikin. Ta bi gidajen biyar ɗaya bayan ɗaya ta yi musu bayani, aka shirya cewa kowace rana kwanon gida ɗaya zan ci, bi da bi, loma biyar. Abin da ban zata ba shi ne, ranar da ta faɗo kan gida, matar gidan da kanta take rage mai ta ƙara ganye, sannan ta aiko a tambaya ko na tsaya a biyar ɗin. Na wayi gari ina da masu gadi a gida shida.

Da wata ukun suka cika na koma. Na rage kilo tara daga nauyina na farko. Likitar abincin ta karanta sabon littafin, wanda yanzu har goro da ɓarin dabino suke ciki, ta kai wa babban likitan, ya buɗe kalandarsa ya sa mini rana bayan babbar sallah. Na rubuta ranar da hannuna a bangon littafin.

Abin da na koya shi ne, takarda ba ta san komai ba sai abin da ka gaya mata, amma sikeli ba ya jiran ka gaya masa. Kuma duk wanda zai je ganin likita, ya nemi mai kunyarsa ya raka shi idan mutunci yake so. Idan lafiya yake so, ya tafi da taubashi.