Rasuwar Obaapa, Motar Ungozoma Afrakoma

Da zuciya mai tafasa, wadda baƙin ciki ya cika har wuya, Maame Afrakoma, ungozomar unguwar Tafo, tana sanar da dangi da maƙwabta rasuwar ƙaramar motarta, wadda kowa ya sani da suna Obaapa. Tana so a sani cewa ba tsufa ya kashe ta ba. Kashe ta aka yi, kuma ɗan gida ne ya yi.

Marigayiya ta rayu cikin haƙuri. Da safe sai ta yi tari, ƙur-ƙur-ƙur, sannan ta tashi. Ta kai masu naƙuda asibiti cikin ruwa da laka, ta ɗauko buhunan rogo, ba ta taɓa kunyata mai ita a bainar jama'a ba. In ta tsaya a cunkoso, fankokinta biyu na lantarki masu sanyaya injin sukan ce fuuu a bayan lagireto, wanda ke ciki ya ji hankalinsa ya kwanta.

Fankokin nan ne ajalinta. Ƙanin Afrakoma, Yaw Sakyi, yana da babbar motar dakon tumatir, wadda fankarta mai bel ta karye ta bar shi da kayan mutane suna ruɓewa. Ya zo gida yana murmushi, ya ce: "Yaya, kawo makulli in kai ta wanki." Can Suame, unguwar makanikai, ya kai ta, aka kwance fankokin, aka yi musu ƙafa da walda a gaban injin motarsa, aka ja waya zuwa batir. Ya wanke ta tas, ya rufe bonet, ya dawo da makulli. Har fufu, sakwarar rogo, yayarsa ta zuba masa.

Washegari da rana tsaka Afrakoma ta ɗauko wata mai naƙuda daga ƙauye. A hawan dutsen Mampong, bayan wata motar katako mai tafiyar hawainiya, Obaapa ta fara nishi. Allurar da ke nuna zafin injin ta daɗe da mutuwa, babu abin da ya gargaɗi Afrakoma. Sai ƙara, tau! Lagireto ya fashe, injin ya cije. Da ta ɗaga bonet, tururi ya sale mata hannu har gwiwa, kuma ta cikin hayaƙin ta ga gurbin fankoki biyu da wayoyi a guntule. Da hannun nan salalle ta karɓi haihuwa a kujerar baya. Uwa da jaririya suna lafiya.

Afrakoma ba ta nufi asibiti don kanta ba. Gida ta biya ta ɗauki taɓarya, ta tarar da Sakyi a gareji yana nuna wa direbobi sabuwar dabararsa.

"Yaya, aro na yi! Wallahi jibi zan mayar!"

"Ɗan banza, ni ma aron haƙoranka zan yi."

Ta fara da gilashin gaban motarsa, ta bi fitilu, ta lotsa ƙofa. Ya tare ta, taɓarya ta sauka a kafaɗarsa, kowa ya ji ƙashi ya ce ƙas. Ya rarrafa ƙarƙashin mota, ta jawo shi ta ƙafa. Sai da makanikai suka taru kanta suka ƙwace itacen, ɗayansu ma ya tafi da kumburarren leɓe. Da ta zo kan fankokin kuwa, tsayawa ta yi, ta dafa su, ta fashe da kuka.

Marigayiya ta bar tayoyi masu sauran rai, rediyo mai kama tasha ɗaya, da marayun fankoki biyu da ke bauta a gidan wanda ya kashe uwarsu.

Za a yi jana'iza ranar Asabar. A sa kaya ja da baƙi. Dattawan dangi sun yanke cewa Sakyi, da hannunsa ɗaya mai lafiya, shi zai ja gawar da sarƙa, yana tafe a ƙafa, zuwa wurin masu yanka ƙarfe, ta gangaren kasuwa. Afrakoma ce za ta zauna a cikin marigayiya ta riƙe sitiyari a bayansa. Fasto ya roƙe ta ta yi alkawarin taka birki, kuma har yanzu ba ta amsa masa ba.