Rasuwar Beryl, A-kori-kurar da Ba Ta Taɓa Cewa A'a Ba

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wanda dai bai hana shi cin karin kumallo ba, Mista Lindsay Pascoe na garin Kimba, tsohon ma'aikacin gidan waya, yana sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar ƙaramar a-kori-kurarsa, Beryl. Ta cika ranar Talata da hantsi a kan tudun bayan coci, tana da shekara ashirin da uku.

Marigayiya ta shigo hannun Lindsay bayan ya yi ritaya, lokacin da ya gano cewa duk gaisuwar da yake sha shekara arba'in ta wasiƙu ce. Wata guda cur wayarsa ba ta yi ƙara ba. Da aka ga Beryl a ƙofar gida, sai ga kira kamar ruwan sama. Wannan firij zai kai wa 'yarsa, wancan tumaki biyu, wata kuma katifar da ko kare ba zai kwanta a kai ba. Amsarsa kullum ɗaya ce, "Ba komai, abokina," tun kafin ya ji ko mene ne kayan.

Mace ce 'yar ƙarama mai zuciyar tirela. Da safe takan yi "kyar-kyar-kyar… gwaf!" sau uku kafin ta yarda gari ya waye. Ba ta taɓa wuce mota a hanya ba, sai dai a wuce ta, kuma ba ta riƙe kowa a zuci ba.

Ajalinta ya zo ne ta bakin mai ita. Matan coci suka ce akwai ɗan kayan kiɗa da za a kai zauren gari, Lindsay ya ce ba komai. Ashe fiyano ne, wanda sai da ƙarti shida suka ɗaga. A tsakiyar tudu Beryl ta yi "hiiiii", ta yi "fuss", ta tsaya cak. Fiyanon ya zame ya bugi bayan kanta, ya saki wani dogon sauti mai daɗi, har wani manomi da ke wucewa ya cire hula. Bakanike ya leƙa cikinta, ya rufe a hankali, ya dafa kafaɗar Lindsay.

Ta bar taya huɗu, ɗaya ba tata ba, da igiya goma sha ɗaya, da kare mai suna Biskit wanda har yanzu yake haye bayanta yana jiran iska. Ta kuma bar kishiyarta, uwargidan Lindsay, Noelene, wadda ta ce, "Allah sarki. To, da waɗannan idanun naka, tsoho, ba za a yi mata magajiya ba. Likita ya faɗa, ni ma na faɗa."

Za a yi jana'iza ranar Asabar da ƙarfe goma a bayan rumfar kaji, inda za a ɗora ta a kan bulo huɗu. Akwai gasasshen nama, kowa ya zo da kujerarsa. Kada a kawo furanni. Amma duk mai abin da ke buƙatar ɗagawa, ko ɗaurewa, ko a tsaya kawai a dube shi a ba da shawara, don Allah ya kira. Lambar ba ta canja ba. Lindsay ya kai wayar an duba ta jiya, an ce lafiyarta lau.