Yadda Wayata Ta Ba Ni Sati Biyu In Bar Gummi

Ko zan manta da komai na aikin koyarwa, ba zan taɓa mantawa da ranar Larabar da wayata ta kore ni daga garinmu ba, a gaban ɗalibaina da shugaban makaranta.

Tarihi nake koyarwa a wata sakandare a Gummi, kuma gara in fara faɗin aibina da bakina: ina da tinƙaho da asali. Ko gardamar ƙwallo ake yi a majalisa, in aka kusa kayar da ni sai in ce, "Mu fa kaka da kakanni a garin nan muke." A ajina akwai yaran da iyayensu suka zo aikin zinariya wajen Bukkuyum suka kama haya a Gummi. "Baƙinmu" nake ce musu, wai wasa nake yi. (Ni kaɗai ke dariyar wasan, amma a lokacin ban lura ba.)

Da muka zo kan darasin yadda ƙasashe ke rufe ƙofa su kori baƙi, sai na ce zan nuna bajinta. Akwai manhajar nan ta AI da ake yi wa tambaya a waya ta ba da amsa kamar mutum. Na umarce ta ta zama jami'in shige da fice, na kuma rubuta mata doka da hannuna: ta tambayi kowa inda aka haifi ubansa da kakansa, wanda nasa ba a garin nan aka haife su ba ta ba shi sati biyu ya tattara ya tafi, kamar yadda aka yi wa baƙi a Ghana shekara hamsin da 'yan kai da suka wuce. Har na ƙara da cewa babu roƙo, babu ɗaukaka ƙara. Na ce wa kaina don yara su ɗanɗana zafin abin ne. Gaskiyar magana, na san su wa za a kora, na kuma san wanda zai tsallake yana murmushi.

Don abin ya yi armashi na gayyato shugaban makaranta, na kuma ɗauko Baffa Sani a babur. Baffa yayan mahaifina ne, shi ya rage mana tunda mahaifina ya rasu ina ƙarami. Na san ya taɓa zaman Kumasi yana yaro har korar ta rutsa da su, amma ban taɓa zama na ji labarin ba. A tunanina kakanmu fataucin goro ya je daga Gummi ya dawo gida, shi ke nan. Na ajiye wa Baffa kujera a gaban aji, na ce zai yi magana a ƙarshe in lokaci ya ragu.

Na jona waya da sifika na ce, "Ni zan fara, ku ga yadda ɗan ƙasa ke wucewa. Daga ni sai Rukayya." Rukayya ɗiyar wani mai aikin zinariya ce, tana jin sunanta ta sunkuyar da kai.

Manhaja ta gaishe ni cikin ladabi, ta tambayi sunana, sannan ta ce, "A ina aka haifi mahaifinka?"

Na gyara hula na ce, "Gummi."

Baffa ya yi gyaran murya. "Mi kac ce, ɗana? Ubanka Kumasi anka haihe shi. Ni nag goyo shi cikin mota."

Na yi masa alama da hannu ya dakata. Ina! Baffa kunnensa ya yi nauyi, shi ya sa in zai yi magana har ajin da ke maƙwabtaka da mu sai sun ji. Waya kuwa ta ɗauka tsaf. Ta ce, "Na gode da gyaran. To kakan Malam fa?"

Ai kamar jira yake. Ya juya ga wayar, ya daina ma kallona. "Tsohonmu mutumin Dosso ne, can Nijar. Da anka kore mu, Gusau za mu, wajen dangin innarmu. Mota ta lalace muna nan Gummi, bakin kasuwa. Kwana tara muna jiran gyara, direba yat tafi neman ƙarhe bai komo ba. Shi ke nan munka zamna."

Wato kaka da kakannin da na shekara da shekaru ina cika baki da su, lalacewar mota ce.

Manhaja ta ce, cikin muryar nan tata mai sanyi, "Bisa dokar da aka ba ni, Malam, kana da sati biyu ka bar garin."

Na ce, "A'a, tsaya, akwai bayani..."

"Ka yi haƙuri, an ce mini babu roƙo, babu ɗaukaka ƙara."

Shugaban makaranta ya kifa kai a kan tebur, kafaɗunsa na rawa. Sai Rukayya ta ɗaga hannu a natse ta ce, "Malam, mu iyalin baƙi mun iya ɗaurin kaya. In kana so mu zo mu taya ka." Nan fa aji ya ɓarke da dariya, har da masu dukan benci. Na so ƙasa ta tsage in shige.

Baffa bai yi dariya ba, don bai ma gane an yi abin dariya ba. Ya ci gaba da labarinsa, yara suka nutsu da kansu. Ya faɗi yadda suka bar gida da tukwane a Kumasi, da yadda wata tsohuwa mai sayar da fura a bakin kasuwar Gummi ta gan su zube a gindin mota, ta kai su zaurenta. "Ba ta tambaye mu takarda ba," in ji shi, "ba ta ce ɗiyan wa ne ba. Cewa tay yi, kun ci abinci?" A nan kunyata ta koma wata iri, domin na tuna sau nawa na ce wa yaran nan baƙi. Na kashe sifika na zauna a benci kusa da su, Baffa ya cinye sauran lokacin darasin. Ban taɓa ganin ajin ya saurari wani haka ba, har da ni mai ajin.

Da na koma gida na tambayi Inna me ya sa ba ta taɓa gaya mini ba. Ko ɗagowa ba ta yi daga tsintar shinkafarta ba ta ce, "Ka taɓa tambaya? Kullum kai ad da bayani."

Har yau ina amfani da manhajar a aji, tana da amfaninta. Sai dai na daina wasan kora, kalmar "baƙinmu" kuma ta fita daga bakina. Na koyi cewa kafin ka tambayi waya tarihin duniya, ka fara tambayar tsohon gidanku naka, kuma duk dokar da za ka rubuta wa wani, ka gwada ta a kanka cikin ɗaki tukuna. Shekara biyu ke nan da wa'adina ya cika, ba wanda ya zo fitar da ni, amma daga makaranta har kasuwa sunana Malam Sati Biyu.