Allon Maki Mai Tsoron Biyar

Ba zan taɓa mantawa ba da gasar kacici-kacicin da muka yi da ɗaliban Wara, sa'ad da nake koyar da kimiyya a wata sakandare a Yelwa, lokacin Yawuri tana ƙarƙashin jihar Sakkwato. Na yi wa shugaban makaranta alkawarin allon maki na lantarki, domin a ganina alli bai dace da darajarmu ba.

Tsarin mai sauƙi ne. Kowace makaranta tana da layin ƙwayayen tocila goma, da 'yar na'urar lantarki mai ƙirga, ana ce mata aisi, wadda ke ƙara kunna ƙwai ɗaya duk lokacin da aka danna maɓalli. Littafi ya ce a sa taransisto, wato ɗan abin ƙara ƙarfin wuta, tsakanin aisin da kowane ƙwai, saboda ita ƙirga ta iya, ba ta da ƙarfin ba da wuta mai yawa. Na karanta wannan, na kuma yanke hukuncin cewa marubucin matsoraci ne (taransisto ashirin aiki ne na kwana biyu, ni kuwa ina da fentin allo a gabana). Na haɗa kai tsaye, na gwada har maki uku, na gamsu.

Ranar gasa mutanen Wara suka iso da kofin da ke hannunsu, muna neman ƙwace shi. Yaransu suka ci tambaya ta biyar, na danna. Nauyin ƙwayayen ya rinjayi aisin, layinsu ya mutu, ƙirga ta koma farko. Suka sake kaiwa biyar, aka maimaita.

Layinmu kuwa bai yi gardama ba ko kaɗan, domin yaranmu sun tsaya a huɗu.

Shugaban makarantar Wara, dattijo mai sanyin murya, ya miƙe ya dubi namu. "Ranka shi daɗe, injin nan ɗan garinku na?"

"Matsalar wuta ce," na ce.

"Awo. Wutar ta san yaranmu."

Aka nemo alli. Wani malamin tarihi ya rubuta sha ɗaya da huɗu, kofi ya koma Wara. Shekara uku ban je can ba, don an ce har a kasuwa ana kirana Malam Huɗu.

Abin da na koya shi ne, a ba kowane ƙwai taransistonsa, sannan a gwada na'ura har iyakar ƙoƙarin yaran wasu, kada a tsaya a na gida.