Yadda Ake Zama Mawaƙi da Muryar Bango

Muryarka irin ta tsohon ƙyaure ce, kuma tun kana yaro mahaifiyarka take cewa ka rufa wa maƙwabta asiri ka yi shiru? Gyara zama. Bi matakan nan, tabbas sai ta janye maganarta. Ni da kaina na gwada.

1. Nemi wuri, rabu da murya

Samo ƙaton sito da babu ko tsinke a ciki. Shiga ka ce "aaa". Bango zai dawo maka da ita sau huɗu, a wanke a goge. Daga ranar ka riƙa cewa, "Ginin ne ya kira ni." Haka masana ke magana.

2. Tara baƙi

Kawo masunci mai waƙar jan koma, da makiyayi daga ƙasar duwatsu mai rerawa da ƙasan maƙogwaro, da wata tsohuwa mai waƙar reno da yaren da ba ka ji. In muryoyin sun saɓa, ka ce haɗuwar al'adu ce.

3. Maƙale a kusurwa mafi amsawa

Wata uku kuna gwaji, kada ka motsa daga nan. In makiyayin ya dube ka ya girgiza kai, ɗauka yabo ne a ƙasarsu.

4. Gayyaci Inna

Kujerar gaba. Ce mata, "Inna, yau za ki ji." Za ta ce, "Allah ya sa, ɗan nan."

5. Kada ka tambayi mai sito sana'arsa

Ni ban tambaya ba. Ashe katifa yake sayarwa. Da safiyar ranar wasan tirela biyu suka sauke kaya, soso har rufi. Soso kuwa shanye sauti yake yi.

Masunci ko a jikinsa, shi da ya saba rerawa cikin hayaniyar ruwa. Tsohuwa ta rera, jama'a suka jingina da katifu, wani har da minshari. Da aka zo kaina na ce "aaa". Muryar ta fita tsirara, ba ta dawo ba. Wallahi na so in shige cikin soso.

6. Karɓi hukunci

Inna ta dafa kafaɗata. "Ka iya tara mutanen kirki," in ji ta. "Gaba a kwashe wa bangon katifu ya yi waƙarsa, kai ka jera kujeru."

Gargaɗi: duk abin da ya same ka, babu ruwana, ban ma san ka ba. Ni yanzu a banɗaki nake rerawa, can ɗin ma Inna tana ƙwanƙwasawa.