Yadda Za Ka Zaɓi Firiyam Har Jirgin Inna Ya Kusa Tashi

Ɗan'uwa, in kana son ka kwashe sati shida kana zaɓen na'ura ba tare da ka saurari faifai ko ɗaya a gidanka ba, ka zo inda ya dace. Hanyar nan ba ta taɓa ba kowa kunya ba. Issoufou, mai shagon wayoyi a Morris Heights, ya bi ta daki-daki, a kan idona.

1. Ka samu dalili mai nauyi

Na Issoufou daga Maraɗi ya zo, cikin akwatin mahaifiyarsa, naɗe da atamfa biyu: faifan garmaho guda ɗaya tak, wanda marigayi babansa ya yi amshi a ciki tun yana saurayi. Shekara ashirin da uku rabon Inna da muryar mijinta, kuma sati shida kawai za ta yi a New York. Ita dai a sa mata ta ji. Kai kuwa ka ce muryar Baba ta fi ƙarfin a sa ta a kowane tarkace.

2. Ka sayi komai, ka bar abu ɗaya

Garmaho, amfilifaya mai ƙara ƙarfin sauti, lasifika, duk ka jera su a falo. Ka bar firiyam, wato ɗan akwatin da ke ɗaga muryar allura kafin ta isa amfilifaya. In babu shi, kukan sauro kawai za ka ji. Iri biyu ne, mai kwalba irin ta cikin tsohuwar rediyo, da mai tiransisto. Nan za ka yada zango.

3. Ka nemi mashawarta biyu da ba sa jituwa

Kadri direban tasi ya rantse da mai kwalba: yana haske ja, yana tausasa murya, ya lulluɓe mata kaushi. Abdulai, maƙwabcinsu ɗan Kumasi, ya ce mai tiransisto ba ya zafi, ba ya cin kwalabe, kuma abin da ke cikin faifai shi zai faɗa maka, ko da daɗi ko babu. Da safe ka bi Kadri, da la'asar ka koma wajen Abdulai. Masana sun tabbatar cewa mai saurin yanke shawara ba a ɗaukarsa mai kunne.

4. Ka riƙa nisa da gida

Duk Asabar ka hau jirgin ƙasa mai lamba huɗu ka tafi shagunan Manhattan. Ka lumshe ido kana gyaɗa kai ga faifan mutanen da ba ka sani ba. In ka dawo Inna ta tambaya, ka ce saura kaɗan. In ta daina tambaya, ta koma goge kwalin faifan da gefen mayafinta, ka yi kamar ba ka gani ba.

5. Kada ka kalli kalanda

Sau uku Najat, matar Issoufou, tana tuna masa cewa jirgin Inna ranar Alhamis ne. Da safiyar Alhamis, akwatuna na bakin ƙofa, ta ƙwanƙwasa wa Abdulai, ta aro wani ɗan garmaho na roba mai lasifika a jikinsa, ta ɗora faifan. Issoufou ya ji ƙas-ƙas ɗin allura, ya dafe kai.

6. Ka yi shiru, in za ka iya

Mutum biyar ke amshi. Inna ta karkata kunne, can sai ta ɗaga yatsa.

"Shi na. Mai shaƙaƙƙar muryar nan."

Tana dariya, hawaye na sauka a mayafi. Kunya ta kama Issoufou har wuya, amma duk da haka ya ce da a mai kwalba ne, da muryar ta fito sumul.

"Wa ya ce maka a gyara ta? Da ita na aure shi." Ta sake sauraro. "Ka ji ko? Kullum bayan kowa yake shigowa. Kai ma shi ka biyo."

Sau huɗu aka maimaita faifan kafin Kadri, da zai kai Inna filin jirgi, ya danna hon a ƙasa.

Sanarwa: mai wannan rubutu ba shi da hannu a duk abin da zai biyo baya, ko fushin uwa ne ko harara daga uwargida. Issoufou dai har yau yana nazarin kwalba da tiransisto. Faifan kuwa, da Inna za ta fita, a hannun Najat ta damƙa shi.